Kurege, Gizo da Baƙaƙe Uku

Ga ta nan, ga ta nanku.

A ƙasar Dutsi, can inda hanyar Katsina ta ratsa Shargalle ta miƙe zuwa Daura, an yi wani Kurege manomin riɗi. Gonarsa jigawa ce, irin wadda riɗi ke so. In kaka ta yi sai ya yanke, ya ɗaure dami-dami, ya jingine su a tsaye kawunansu sama. Bayan 'yan kwanaki ƙwanson ya bushe ya buɗe baki, sai ya shimfiɗa tamfol, ya kifar da damin ya kakkaɓe, ka ji tsabar tana zuba kamar yayyafi a kan kwano. Mata su sheƙe, su rairaye, yara su samu na kantu.

Shekara da shekaru masu awo ke zuwa su saye da tiya, su loda sai Dawanau ta Kano. Kurege ya san ba a Dawanau riɗin ke kwana ba. Ya ji ana cewa yana tsallaka teku zuwa Japan da Sin da Turkiyya, kuma abin yana cin ransa, wai guminsa ne ke yawon duniya shi ko Kazaure bai cika wucewa ba.

A unguwarsu akwai Inna Bushiya, uwar adashen mata. Ita ke riƙe da kuɗin Kurciya da Gafiya da matar Zomo, kuma ba a taɓa jin ƙwandala ta yi ciwon kai a hannunta ba. Wata shekara riɗi ya yi albarka, sai Kurege ya je ya durƙusa gabanta ya ce, “Inna, in muka haɗa nawa da naku, muka ƙara da kuɗin adashe muka sayi na maƙwabta, za mu cika kwantena guda. Buhu 380 mai kilo 50, tan 19 ke nan. Mu ma mu sayar wa mutanen ƙetare da hannunmu.”

Ta yi shiru, sannan ta ce, “Ɗan nan, tara kaya ba wuya. Wa zai saya?”

Kwana biyu da wannan magana sai ga Gizo da waya a hannu, yana ta washe baki. Ya ce ya samo musu wata Kyanwa a birnin Mersin na Turkiyya, mai masana'antar da ake markaɗa riɗi a yi tahini da halawa. Ya nuna musu takardar da ta aiko. Farashi uku ne a jere, kowanne da baƙaƙen boko uku a gabansa. Na farko ƙarami, an rubuta EXW Dutsi. Na biyu ya ɗara, an rubuta FOB Apapa. Na uku kuwa ya yi tsalle ya bar su a baya, an rubuta DDP Mersin.

Idon Kurege ya kafe a kan na ukun. Inna Bushiya ta sa tsinke ta nuna baƙaƙen ta ce, “Waɗannan fa, me suke cewa?”

Gizo ya ce da tsamin bakin nan nasa, “Ado ne na Turawa, Inna, kamar zayyanar allo. Ke dai dubi kuɗin.”

La'adar Gizo a kan yawan farashi take, shi ya sa ya tura su can. Kurege ya sa hannu a kan na uku ya ce ya sallama, Gizo ya karɓi la'adarsa tun kafin a ɗinke bakin buhun farko.

Daga ranar aljihun Kurege bai sake rufuwa ba. Ya biya 'yan dako suka loda. Ya biya Raƙumi mai tirela, suka bi ta Daura da Kazaure da Dambatta zuwa Dawanau, inda aka zuba riɗin a inji aka cire tsakuwa da ƙaiƙayi, nan ma ya biya. Ya yi rajistar mai fitar da kaya, ya cika fom ɗin NXP a banki, ya karɓo takardar shaidar lafiyar amfanin gona. Suka ɗauki hanyar Legas, kimanin kilomita 1,000, ta Zariya da Kaduna da Jebba da Ibadan, kowane shinge da Kurar da ke tsaye a kansa. A Apapa suka tarar da layin manyan motoci, Raƙumi ya ce kwanan da yake yi a layi ba kyauta ba ne. Aka biya Kada mai tasha, aka biya Dorina mai jirgi. Ranar da jirgi ya ɗaga, Kurege ya yi ajiyar zuciya ya ce, “Alhamdu lillahi, na sauke nauyi.”

Ashe ko rabin hanya bai kai da shi ba. Bayan makonni Kyanwa ta kira, muryarta a sanyaye. Ta ce kwantena ta sauka a tashar Mersin, tana jira a kawo mata ƙofar sito.

Kurege ya ce, “Hajiya, ai ga kaya nan a garinku, sai ki je ki ɗauka.”

Ta ce, “Malam Kurege, duba abin da ka sa wa hannu. DDP cewa take kai za ka fitar da kaya daga hannun kwastan ɗin ƙasarmu, ka biya kuɗin fito da haraji, ka ɗauki mota ka kawo har inda muka ambata. Shi ya sa na ba ka wannan farashi. Da na so in yi wahalar da kaina, da na farkon zan biya ka.”

Kurege ba shi da kowa a Mersin. Bai san yaren ba, ba shi da wakili, bai san ƙofar da ake bi ba. Kwantena kuwa tana zaune, kowace safiya kuɗin kwananta na hawa. Daga ƙarshe Kyanwa ta tausaya, ta fitar da kayan da kanta, ta cire duk abin da ta kashe daga cikin kuɗinsa. Da ragowar ta iso Dutsi aka baje lissafi a tabarmar Inna Bushiya, sai aka ga bai kai farashin farko ba, wanda da a ƙofar gidansa za a zo a ɗauka, ko buhu ɗaya ba zai ɗora wa mota ba. Ni da nake ba ku labarin nan ban ga laifin Kyanwa ba. Abin da aka rubuta ta nema, har ma ta yi abin da ba a ɗora mata ba.

Shekara ta zagayo. Mata suka ce tun da gyaran riɗi a Dawanau ya ci musu kuɗi, gara su mallaki injin nasu. Gizo ya sake ɓullowa, wannan karon da hoton inji daga wurin wata Agwagwa a birnin Gwanzu na ƙasar Sin. Kurege ya ɗaure fuska. Gizo ya ce, “Haba abokina, wancan karon mu muka yi wa mutane dako. Yanzu a yi mana. Dubi nan, CFR Apapa. Ita za ta biya jirgi har Legas, kai dai ka je ka tarbi kayanka.”

Kurege ya tambaya sau biyu, aka tabbatar masa kuɗin jirgi a wuyan Agwagwa yake, kuma gaskiya ne. Ya ji a ransa ya yi wayo.

A banki aka ce sai ya buɗe Fom M, kuma fom ɗin ba ya tafiya sai da shaidar inshora, domin dokar ƙasar nan ta ce kayan da za a shigo da su kamfanin gida ne zai tsaya musu. Aka tura shi wurin Kunkuru mai inshora. Kunkuru ya fito da kansa daga ƙoƙo a hankali ya ce yana da rumfa iri uku, A da B da C. Ta C ita ce mai araha, tana kare gobara da nutsewar jirgi da karo da makamantansu. Ta B ta ƙara da shigar ruwan teku cikin kaya. Ta A ita ce mai faɗi. Bai kai ƙarshen bayani ba Kurege ya katse shi.

“Baba Kunkuru, ba ni mai arahar. Kayan nan ba nawa ba ne sai sun iso Legas. Don me zan yi wa kayan wani rumfa mai tsada?”

Kunkuru ya buɗe baki zai ce wani abu, amma kafin kalmar ta fito Kurege ya kai bakin titi.

Ranar da aka buɗe kwantena a gaban jami'an kwastan, Kurege na tsaye. Aka yanke hatimi, aka ja ƙofa, sai ruwa ya kwararo ya jiƙa masa ƙafafu. Wari ya bugo kamar na tsohuwar rijiya. Katakon akwatin ya yi baƙi, gansakuka ta hau shi. Da aka ɓalle murfin, rariyoyin injin duk sun yi ja da tsatsa, gishiri ya bushe fari-fari a jikin motar injin. Kurege ya sa yatsa ya taɓa, tsatsar ta biyo shi. A saman kwantenar, can kusurwa, ga wata 'yar ɓaraka da haske ke shigowa ta ciki.

Ya kira Agwagwa, ta ce ta yi masa jaje, amma lafiya lau ta ɗora kaya a jirgi, ga takardar lodi ba a rubuta wani aibi a kanta ba. Ya je wurin Dorina, ta ce guguwa suka haɗu da ita a teku, kuma ko an kama ta da sakaci, abin da za ta biya an ƙayyade shi a bayan takardar lodi da ƙananan rubutu. Ya koma wurin Kunkuru, Kunkuru ya ce, “Ɗana, abin da na so in gaya maka ke nan. Rumfar C ba ta tare ruwan teku.”

Gafiya ce ta kai ƙara fadar Zaki, domin kuɗin auren 'yarta na cikin injin nan. Aka taru a gindin tsamiya. Zaki ya sa aka kira Dila malamin daji, aka ba shi takardun duka biyu. Lokacin kuwa damina ta kawo kai, Shamuwa ta dawo daga yawonta na kudu ta sauka a kan tsamiyar tana saurare.

Kurege ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, “Ranka ya daɗe, da na sayar, aka ce asarar tawa ce. Da na saya, aka ce asarar tawa ce. To yaushe ne asara ke zama ta wani?”

Fada ta yi tsit, domin tambayar ta shiga kowa.

Dila ya gyara zama ya ce, “Allah ya ba ka nasara, baƙaƙen nan ba ado ba ne. Akwai wata ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya mai mazauni a Paris ta Faransa. A 1936 ta fara fitar da waɗannan ƙa'idoji da ake kira Incoterms, don ɗan kasuwar wata ƙasa da na wata su daina jayayya a kan ma'anar kalma ɗaya. Ana sabunta su lokaci-lokaci, na baya-bayan nan shi ne na 2020, kuma guda 11 ne. Bakwai sun shafi kowace irin hanya, huɗu na ruwa ne kaɗai. Kowace ɗaya tambaya uku take amsawa. Wa zai biya wane dako? Wa zai yi takardun kwastan, na fita da na shiga? Sannan a daidai ina lamunin kaya ke sauka daga wuyan mai sayarwa ya hau wuyan mai saye? EXW ce ƙarshen sauƙi ga mai sayarwa, DDP ce ƙarshen nauyi. Kurege ya tsallake duk na tsakiya ya ɗauki mafi nauyi don ya ga kuɗinta ya fi yawa.”

Kurege ya ce, “Allah gafarta Malam, wannan na ji a jikina. Injin fa? Ita ta biya jirgi har Apapa.”

Dila ya ce, “Nan ne ramin da ya fi cin mutane. Ka ɗauka ka sayi buhun gero a kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi. Mai geron ya ce, ni zan biya mai jaki ya kai maka gida, amma da zarar na ɗora a bayan jaki, in ya faɗa rafi kai ya faɗa wa. Ka ce ka yarda. Ka ga kuɗin dako ya raka kaya har ƙofar gidanka, lamuni kuwa tun a kasuwa ya rabu da shi. Haka CFR take. Sunan Apapa da ka gani, iyakar kuɗin jirgi ne. Lamuni tun a tashar Sin ya hau kanka, ranar da kaya suka zauna a cikin jirgi. Duk ƙa'idojin da suka fara da C haka suke, wurin da kuɗi ke tsayawa daban, wurin da lamuni ke sauya wuya daban. Duk makonnin nan da injin ke kan teku naka ne, kai kuma kana barci kana cewa na wani ne.”

Matar Zomo ta ce, “To da CIF aka rubuta fa? Na ji an ce ita da inshora take tafe.”

Daga sama Shamuwa ta amsa. Ta ce, “Na sha zama a kan fitilun tashoshin ruwa, na ga masu irin wannan kuka da yawa. A CIF mai sayarwa yakan saya wa mai saye inshora ta kuɗin kaya da ƙarin kashi 10 cikin 100, amma in ba a yi wani sharaɗi ba, abin da aka wajabta masa ita ce rumfar C ɗin nan dai. 'Yar'uwarta CIP ce aka ɗaga ta zuwa A a gyaran 2020. Kuma ku sani baƙaƙen nan ba su ce komai a kan yaushe za a biya kuɗi ko yaushe kaya suka zama mallakar wani ba. Wannan sai an rubuta shi daban.”

Dila ya gyaɗa kai ya ce, “Abin da ya fi ba ni takaici, ranka ya daɗe, shi ne tambayar nan ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki a Risala ko Muhtasar ya san malamanmu na Malikiyya sun yi maganar lamuni. Abin da ake sayarwa da awo ko sikeli ko ƙirga, yana wuyan mai sayarwa har sai an auna an miƙa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kakanninmu da suka bi madugai zuwa Gwanja sayen goro ba sa barin zango sai an san wanda jaki zai mutu wa. Don an rubuta tambayar da boko sai muka ɗauka zane ne.”

Inna Bushiya ta share ido da gefen zane ta ce, “Ni na tambaya, aka ce mini ado ne, na yi shiru. Da na sake tambaya wani. Kada a ɗora wa yaron nan shi kaɗai.”

Wannan magana tata ita ta fi tsaya mini a rai cikin duk abin da aka faɗa a fadar. Tsohuwa ce da ba ta yi boko ba, amma ita kaɗai ta ɗora tsinke a daidai inda ciwon yake.

Zaki ya yanke hukunci. Ya ce Agwagwa da Kyanwa da Kunkuru ba su ci hakkin kowa ba. Gizo ya san ma'anar abin da ya kira ado, ya ɓoye don la'ada, saboda haka ya dawo da la'adar duka biyu. Asarar da ta rage a raba ta gwargwadon jarin kowa, sai dai Kurege ya ƙara da kason Gafiya a kan nasa, tun da shi ya katse Kunkuru. Gizo ya yi ta rantse-rantse, Zaki ya ɗaga gira sau ɗaya, sai ga kuɗi sun fito daga cikin hula.

A kaka ta uku riɗin bai kai na bara yawa ba, sai da suka haɗa da na mutanen Mashi kafin kwantena ta cika. Kyanwa ta sake aiko da takarda. Wannan karon a soron Dila aka karanta ta, Shamuwa ba ta nan amma ta bar saƙo. Ta ce kayan kwantena ba a cika son a yi musu FOB ba, domin mai kaya yakan miƙa kwantena a tasha ta yi kwanaki kafin a ɗora ta a jirgi, ba ta hannunsa amma lamuninta na wuyansa. Ta ce su nemi FCA, su ambaci wuri guda da suka sani. Ga tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki ta Kano da aka buɗe a Janairun 2023, ga ta Funtuwa da ta biyo baya a 2024.

Kurege ya kira Mersin ya ce, “Hajiya, farashin FCA nake so, a tashar Dala ta Kano, bisa ƙa'idar 2020. Takardun fita nawa ne. Daga lokacin da mai ɗaukar kayanki ya karɓa, jirgi da teku da kwastan ɗinku duk naki ne. Rabin kuɗi kafin lodi, rabi in kin ga hoton takardar karɓa, a rubuta wannan a layinsa daban.”

Kyanwa ta yi 'yar dariya ta ce, “Wa ya koya maka?”

Ya ce, “Ke da wata Agwagwa.”

Farashin bai kai na shekarar farko girma a takarda ba. Kurege ya hau gaban tirelar Raƙumi da asuba, suka wuce Daura rana na fitowa, suka bi gefen aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi. A Zawaciki ya tsaya har kwastan suka gama dubawa, ya shiga cikin kwantenar da kansa ya sa aka ja ƙofa, ya ɗaga kai yana neman ko haske zai shigo ta wata kusurwa. Duhu ne ƙirin. Aka loda buhu 380 yana ƙirgawa, aka buga hatimi, ya kwafe lambar hatimin a tafin hannunsa. Wakilin mai ɗaukar kaya ya sa hannu ya miƙo masa takarda.

Bayan sallar isha'i ya iso Dutsi. Fitilar Inna Bushiya na kunne, mata na zaune a tabarma. Ya durƙusa ya ajiye takardar a gabanta. Ta ɗauki tsinkenta ta ɗora a kan baƙaƙen uku ta ce, “Waɗannan fa?”

Ya ce, “Sun ce tun la'asar kaya suka sauka daga wuyanmu, Inna.”

Ta ce, “To a kawo masa tuwo.”

Ƙurunƙus.